Rabin Awa a Hannuna, Sauran Makon a Gida

Lokacin da na fara aiki a sashen gashi na yara, wato inda ake motsa musu gaɓoɓi, a wani asibiti a Katsina, na ɗauka samun sauƙin yaro yana tafin hannuna. Uwa za ta kwance goyo, in karɓi yaron in shimfiɗe shi a katifa, in miƙar masa da gaɓoɓi, in mayar mata da shi bayan rabin awa, ita kuwa tana kan benci ta zuba ido. Sai da na kwashe watanni kafin na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko: mako guda awa 168 ne, ni kuwa rabin awa kaɗai nake samu. Wadda ta fito daga Mashi ko Kaita ma, kuɗin mota ba ya barin ta ta zo kowane mako.

Yawancin yaran da ake kawo mana, matsalarsu raunin ƙwaƙwalwa ce da ke hana su zama ko tafiya a kan lokaci, kuma ta faro ne tun kafin ranar suna. Shi ya sa nake fara tambaya ko naƙuda ta yi tsawo, ko jaririn ya yi kuka da ya faɗo, ko idonsa ya yi ɗorawa. Shawarar jarirai idan ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa da ji, kuma kafur ɗin da ake sa wa a kayan jariri yana iya tayar da ita ga wasu yaran. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga su ma suna barin irin wannan tabo. Abin da ke ci mini rai shi ne, sau da yawa ba ma ganin yaron sai ya kusa shekara biyu, domin an yi ta cewa nauyin ƙafa ne, zai yi. Gaskiya ne yara sun bambanta, amma bambancin yana da iyaka. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya nuna kusan duk yaro mai lafiya yana zama da kansa zuwa wata 9, yana tafiya kafin ya cika wata 18. Wanda ya wuce nan yana buƙatar a duba shi, saboda a shekaru ukun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sababbin hanyoyi.

Wata kaka ce ta gyara mini aiki. Ta rako surukarta da jikanta mai wata 14, wanda ko wuyansa bai tsaya ba, kuma a unguwa har an fara raɗe-raɗin cewa ɗan ruwa ne. Da na gama, ta ce, "'Yar nan, ke kin yi naki, mu mi za mu yi mashi in mun koma?" Na rasa amsa mai gamsarwa, domin ban taɓa tambayar yadda yaron yake wuni ba. Ashe kwance yake yini a rigingine cikin ɗaki, don ana tausayin kada a wahalar da shi.

Na ce, "Inna, ki matso ki sa hannunki inda nawa yake." Daga ranar na bar benci ya zama wurin ajiye jaka. Muka koma ga kayan da ke cikin gida: a kifa shi rub da ciki a tabarma idan yana farke, a riƙa kaɗa masa cokali a gaba don ya ɗaga kai, a zaunar da shi cikin baho a tokare da zannuwa a tsakar gida, inda zai ga yara da awaki, a ba shi kunu a zaune, kansa a saite, domin ƙwarewa tana kai abinci huhu ta jawo ciwo. Goyo ma, wanda littattafan da na karanta a makaranta ba su cika ambata ba, yana ware cinyoyin yaron da ƙafafunsa ke harɗewa. Na kuma roƙi a riƙa yi masa magana ana wanka, ana shafa mai, sannan muka tura shi gwajin ji.

Na koyi kame baki daga alkawari. Raunin da ya sami ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, amma ba ya gogewa, kuma gashi ba ya mayar da shi kamar bai faru ba. Abin da yake yi shi ne hana gaɓoɓi sandarewa, da taimaka wa yaro ya kai iyakar abin da Allah ya hore masa. Uwar da aka yi wa alkawarin tafiya cikin wata uku, idan ba ta gani ba sai ta yanke ƙauna ta daina zuwa, wadda aka gaya wa gaskiya kuwa takan lura da ƙaramin ci gaba ta yi murna da shi.

Yaron nan ya zauna da kansa bayan ya haura shekara biyu. Bai fara tafiya ba har yanzu, amma yana kai lomar tuwo baki da hannunsa. Kakar ce ke kawo shi duk wata, tana kiransa maigidanta, kuma idan sabuwar uwa ta shigo tana share hawaye, ita ce ke fara matsawa kusa ta nuna mata yadda ake tallafe wuya.