Hampi, da daren da marowaci ya zama maroƙi a kan dandamali

Jirgin ƙasan Hampi Express yana barin Bengaluru, a kudancin Indiya, da dare, ya kwana yana tafiya, ya sauke ka a Hosapete da safe. Shi na hau a cikin sanyin watan Janairu. Daga tasha zuwa Hampi kilomita 13 ne, akwai bas, akwai a-daidaita-sahu. Abin da ya kai ni shi ne bikin tunawa da Purandara Dasa, mawaƙin addinin Hindu da ya yi waƙoƙinsa da harshen Kannada, bikin da ake yi ranar duhun wata na ƙarshen watan Pushya a kalandarsu. A irin wannan rana ya rasu a Hampi a 1564, shekara guda kafin yaƙin Talikota ya jawo rushewar birnin.

Daga ƙofar haikalin Virupaksha na bi gaɓar kogin Tungabhadra a ƙasa, kusan kilomita 2 tsakanin manyan duwatsu, har rumfar da ake kira Purandara Mantapa, dab da haikalin Vittala. Ginshiƙan dutse ne da rufi, babu bango. Da damina, idan an saki ruwan dam, nutsewa take yi. A fita da wuri, domin da hantsi ya yi dutsen ya fara gasa ƙafa. Na tarar da mutane ƙungiya-ƙungiya suna rera waƙoƙinsa. Wanda ya tashi da kallon fim ɗin Indiya kada ya sa ran tsintar komai a nan: Kannada ba dangin Hindi ba ce, 'yar'uwar Tamil da Telugu ce.

Wasan kwaikwayon tarihin rayuwarsa kuwa da dare aka yi shi a filin wata makaranta a Hosapete. 'Yan wasan ba sana'arsu ba ce, malamai ne da 'yan kasuwa da ɗalibai da ke haɗuwa bayan tashi daga aiki. Makaɗa uku suka zauna a gefen dandamali: mai harmoniya, mai tabla, wato ƙananan ganguna biyu, da mai ƙananan kuge na riƙe zango.

Labarin, yadda suke ba da shi, kowa a wurin ya san shi. Srinivasa Nayaka ɗan kasuwar duwatsu masu daraja ne, mai karɓar jingina, ana masa laƙabi da Navakoti Narayana, wato mai dukiya miliyan 90. Ga rowa. Wani tsoho ya yi ta zarya yana neman taimakon hidimar ɗansa, bai samu ba, sai ya zaga wajen matarsa Saraswati, ta cire ɗan hancinta ta ba shi. Tsoho ya kai shi jingina shagon mijin. Srinivasa ya gane kayan, ya kulle a akwati, ya koma gida ya ce ta nuna masa nata. Ta haɗa guba za ta sha, sai ga ɗan hancin a cikin ƙoƙon. Ya koma shago, akwati a kulle, ciki wayam. Daga nan ya rabar da dukiyarsa, ya zama almajirin malamin addini Vyasatirtha, wanda ya raɗa masa sabon suna, Purandara Dasa.

Ɗan hanci na gaske ba a ganinsa daga layi na uku. Waɗannan sun yi guda 2 iri ɗaya, kowanne kamar murfin kwalba, da gilashi mai ɗaukar haske, suka manna ɗaya a gindin ƙoƙon tun kafin a buɗe labule. Akwatin kuma suka yi masa ƙasa biyu. Dabara ce mai kyau, amma mai kula da fitila ya makara da ɗan lokaci, matar ta ɗaga abin cikin duhu, 'yan baya ba su san an kai wajen ba sai da na gaba suka yi tafi.

Inda aikin yake shi ne bayan tuban. Kafinsa akwai rowa, akwai gardama, akwai dariya. Bayansa babu abokin faɗa, sai mutum yana yawo yana waƙa, kuma saura fiye da rabin lokaci. Ƙungiyar da ta zaɓi jarumi don ya iya fitowa a marowaci takan gane kurenta a nan. Waɗannan mawaƙi suka ɗauka suka koya masa wasa, kuma a ganina sun yi daidai. Rowarsa ba ta gamsar ba, amma da ya buɗe murya filin ya yi tsit.

Ga nauyin da ke kansa: rawani, jakar bara a kafaɗa, akayau a ƙafa, tambura, wata irin garaya mai tsirkiya 4, a hannu ɗaya, katakon tafi da suke kira chitike a ɗayan, kuma yana tafiya yana riƙe zango mai bugu 8 da aka raba 4, 2, 2. Akayau ɗin nan maƙiyin makirufo ne. Kowane taku yana shiga lasifika, kuma in ƙafa ta saɓa da tabla kowa zai ji. Sun rage ƙararrawar zuwa layi ɗaya, suka hana shi motsi lokacin magana.

Sai batun shruti, sautin da mawaƙi ke dogara a kai. Da lamba suke ƙirga shi: maza galibi 1 ko 1 da rabi, mata 5 ko 5 da rabi. Mai harmoniya yana iya sauyawa nan take, tambura ba ta iyawa sai an murɗa tsirkiyoyinta duka. Ga raɓar dare tana sassauta su, ga ɗan zaren da ake sawa tsakanin tsirkiya da jaki, wanda shi ke ba ta wannan kugin, yana gocewa da an ɗan bige ta. Don haka ta hannunsa ado ce, an danne ta da tsumma, sautin yana fitowa ne daga ƙaramar na'ura kusa da mai harmoniya. Sau ɗaya aka manta ba a sauya na'urar ba, Saraswati ta shiga waƙa a kan sautin mijinta, muryarta ta nutse har ƙarshen baiti.

Sun kuma saka fitowa guda yana koyar da yara darussan farko a kan raga, wato jerin sautuka, mai suna Mayamalavagowla, tsarin da ya sa ake kiransa kakan kiɗan Karnatik na kudancin Indiya, kuma har yau da shi ake fara koyo. Gajeriya ce, yara ma sun huta da haddar magana.

Ana cewa ya yi waƙoƙi 475,000, ko da yake kaɗan ne suka iso hannun mutane. Dole a yanke ko waɗanda aka zaɓa. Kowace tana da amshi da baitoci, kuma ƙa'idar yankan ɗaya ce: a cire na tsakiya, a bar na ƙarshe, domin a cikinsa yake saka hatiminsa, wato sunan Purandara Vittala. Tsohuwar da ke gefena ba ta bin sauran baitocin, tana gyangyaɗi cikin mayafinta. Da an doshi wannan suna sai ta farka ta faɗe shi tare da mawaƙin, ta koma barcinta.