Talata a ɗakin gwajin numfashi

Safiya ta yi daɗi. Yau muna auna yadda shan oksijin ke hawa idan mutum yana tuƙa keken gwaji. Na'ura ta karɓi saiti ba gardama: sirinji mai lita 3, tukunyar gas mai oksijin kashi 16, iskar ɗaki mai kashi 20.93. Takunkumi ya zauna daram, ba yoyo ta gefen hanci.

Sai ƙanwar tamu ta wurin aiki ta jefo tambayar da ta hana ni sukuni har yanzu: "Yaya, tunda layin shan oksijin ya lafa a minti na uku, me ya sa za mu sake ɗora mutumin kan keke har sau huɗu? Ai adadin ƙarshe muke nema."

Ba shi muke nema ba. Wannan tun kafin a hau keke an san shi: duk wat ɗaya (ma'aunin nauyin tuƙi) da aka ƙara, shan oksijin na ƙaruwa da kusan mililita 10 a minti. Abin da ke bambanta mutane shi ne saurin isa can. Mutum na tuƙi a wat 20, a ɗaga masa nauyi farat ɗaya zuwa ƙasa kaɗan da inda laktet (sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan aiki ya yi tsanani) ke fara taruwa, ya riƙe minti 6. Daƙiƙa 20 na farko a ajiye su gefe, jinin da ya rugo huhu ne kawai, ba labarin tsoka ba. Daga nan layin ke hawa, mu fitar da tau, lokacin da ake cin kashi 63 na tafiyar. Matashi lafiyayye, daƙiƙa 20 zuwa 40.

To numfashi ba ya zuwa a jere. Tari ɗaya, haɗiyar yawu ɗaya, ɗigon awo a kan layin ya yi tsalle. A hawa guda, wannan hayaniya na iya karkatar da tau da daƙiƙu da yawa. Shi ya sa ake maimaitawa, a cire ɗigon da ya kauce ƙwarai, a jera sakamakon daƙiƙa-daƙiƙa, a ɗauki matsakaici.

Ta gyaɗa kai, amma na ga gajiyar ɗan keken ce ke damunta, kuma tana da gaskiya.

Ni kuwa masu ciwon zuciya da masu ciwon suga nake tunani. Nasu tau ɗin ya fi tsawo, tsoka na cin bashin oksijin a kowane tashi, shi ya sa hawan bene ɗaya ke sa su haki. Idan muka yi sakaci da awon, wahalarsu ba za ta fito a takarda ba.

Abincin rana a tsaye. Bututun ɗaukar iska ya jiƙe, an canza.

Gobe nauyi mai tsanani, inda layin ba ya lafawa da wuri, sai ya ci gaba da rarrafe bayan minti biyu. Tsakanin hawa da hawa hutun awa guda ne, ko a bari sai wata rana.