Sunayen da Haruna ya ɗauka a kafaɗa da ƙirji

Ni tela ne, a gidan tela aka haife ni. Da na shiga makarantar yamma ta nazarin Littafi Mai Tsarki, ban zaci zare da allura za su biyo ni har cikin aji ba. A shekararmu ta biyu muka iso Littafin Fitowa sura 28, inda aka umarci Musa ya sa a ɗinka wa ɗan'uwansa Haruna tufafin babban firist. Yawancinmu mun so a tsallake, a koma labarin maraƙin zinariya. Malaminmu ya ƙi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ne mai sana'ar, je ka zana mana abin da ka karanta, ka kawo mako mai zuwa."

Dare uku na yi a kan surar, da fensir da takardar awo.

Abin da na fara lura da shi, wanda ya rubuta wannan ya san ɗinki. Babban firist yana da kaya takwas: wando na lilin, doguwar riga ta ciki, ɗamara, rawani, taguwa shuɗiya, falmaran, ƙyallen ƙirji, da ɗan allon zinariya na goshi. Sauran firistoci huɗu kawai suke sawa. Ba a ambaci takalmi ba, domin da ƙafa tsirara ake hidima. A sura 39 an ce Bezalel, shugaban masu aikin hannu, da abokan aikinsa sun buga zinariya har ta yi fale-fale, suka yanka ta sili-sili, suka saƙa ta cikin zare shuɗi da shunayya da ja da lallausan lilin. Duk wanda ya taɓa yin aikin hannu a gaban babbar riga ya san irin haƙurin da wannan ke ci.

Nassin ya ce an yi tufafin don daraja da ƙawa, ni kuma na ɗauka darajar Haruna ake nufi. Sai da na zo zanen falmaran na ga kuskurena. A kowace kafaɗa akwai dutse mai daraja, an sassaƙa sunayen 'ya'yan Isra'ila a kai kamar yadda ake sassaƙa hatimi, shida nan, shida can, bi da bi yadda aka haife su. A ƙyallen ƙirji kuma, wanda tsawonsa taƙi ɗaya ne, faɗinsa ma taƙi ɗaya, an jera duwatsu 12, layi huɗu, uku-uku, kowane dutse da sunan kabila guda. Na nemi sunan Haruna a jikin kayan nan duka, babu. Ko allon goshin ma, abin da aka rubuta a kai shi ne keɓewa ga Ubangiji, aikinsa kuma ɗaukar laifin da ya shiga cikin hadayun jama'a domin a karɓe su. Mutumin nan yana shiga Wuri Mai Tsarki, wato ɗakin farko na alfarwar sujada, goye da al'umma a kafaɗa, rungume da ita a zuciya. Kayan da na zata kwalliya ce, ashe dako ne.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne wuyan taguwa. An ce a yi masa dajiya mai ƙarfi kewaye don kada ya yage. Kowane tela ya san daga wuya riga take fara mutuwa, don haka na ɗauka dabarar sana'a ce kurum. Malam ya sa na buɗe Littafin Firistoci. A can an hana babban firist yage tufafinsa, alhali yage riga ita ce alamar makoki a wurin Isra'ilawa. Ranar da 'ya'yansa biyu, Nadab da Abihu, suka mutu a gaban Ubangiji, an gaya wa Haruna kada ya yi. Uba ne, gawar 'ya'yansa ake fita da ita, amma rigar da ke jikinsa ta mutane ce, ba shi da ikon keta ta don baƙin cikin kansa. Na daɗe zaune a kan keken ɗinki ina tunanin wannan dattijo.

A gefen taguwar an jera ƙararrawa ta zinariya da 'ya'yan rumman na zare, ɗaya bayan ɗaya, domin a ji motsinsa in ya shiga da in ya fito. Malaman Yahudawa na baya sun ce ƙarar nan tana yin kafara ne saboda gulma: abu mai sauti yana share zunubin da aka yi da sauti. Bayanin ya yi mini daɗi, ko da yake nassin kansa bai faɗi haka ba, kuma na koyi raba abin da aka rubuta da abin da masu tafsiri suka ƙara.

Girman waɗannan tufafi bai ɓoyu ga masu mulki ba. Marubucin tarihi Yusifus ya ba da labarin yadda Sarki Hirudus, daga baya Romawa, suka riƙa kulle kayan babban firist a kagarar Antoniya a Urushalima, sai idi ya matso a fito da su. Wanda ya riƙe rigar, ya riƙe muƙamin.

Duk da haka, a Ranar Kafara, goma ga wata na bakwai, rana ɗaya tak a shekara da babban firist a wancan zamani yake shiga Wuri Mafi Tsarki, wato ɗakin can ciki, ba ya shiga da zinariya ko dutse ko ƙararrawa. Yakan yi wanka ya sa farin lilin zalla, ya fara miƙa hadaya domin zunubinsa da na gidansa kafin na jama'a. Tun da na karanta wannan, in aka kawo mini ɗinkin rigar fasto ko ta 'yan mawaƙa, nakan ƙara ƙarfin wuyan, nakan kuma yi wa mai sawa addu'a kafin in ninke.

Da na kai zanen aji, Malam ya karanta mana Littafin Ƙidaya sura 20. Musa da Haruna da ɗansa Ele'azara suka hau Dutsen Hor a idon jama'a duka. A can Musa ya tuɓe wa yayansa tufafin, ya sa wa Ele'azara. Haruna ya rasu a ƙwanƙolin dutsen yana da shekara 123. Mutum uku suka hau, biyu suka sauko, duwatsun nan goma sha biyu suna ƙirjin ɗan. Isra'ilawa suka yi kwana 30 suna makoki.