Zangunan wasiƙa a hamadar Arizona: kada ka yarda da ƙaramar mota

Daga 1858 zuwa 1861 kamfanin John Butterfield ya yi jigilar wasiƙu a keken doki daga St. Louis zuwa San Francisco, mil kusan 2,800, sau biyu a mako, bisa sharaɗin kada tafiyar ta wuce kwana 25. Dare da rana ake gudu, ana sauya dawakai da alfadarai zango-zango, har yaƙin basasar Amurka ya zo ya kashe hanyar. Kufan zangunan da ke kudancin Arizona muka fita gani daga Tucson, ni da wani ɗan'uwa ɗan Maraɗi. Tafiyar ta yi albarka, amma har yau in na tuna da kamfanin da ya ba mu hayar mota sai raina ya ɓaci.

Ƙarara na faɗa wa ma'aikacinsu cewa zangon Dragoon Springs za mu, kuma hanyar burji ce mai duwatsu. Ya ce ƙaramar mota ta wadatar. Muna barin kwalta cikin motar ya fara gurzar ƙasa, can dutse ya yage mana taya. Waya babu sabis. Safayar da ke but 'yar siririya ce, irin wadda ba a nisa da ita. Muka ɗaura ta, muka ajiye motar a gefe, muka ƙarasa a ƙafa. Daga baya aka nuna mini a takardar haya cewa inshora ba ya ɗaukar ɓarnar da aka yi a hanyar da ba kwalta. Me ya hana shi faɗa tun a ofis? Daga aljihuna kuɗin suka fita.

Zangon kansa katangar dutse ce da aka jera da hannu, ga wasu kaburbura a gefe. A nan ne cikin Satumban 1858 wasu leburori suka afka wa ma'aikatan kamfanin da dare, mutum uku suka rasu. Silas St. John ya rayu, ya yi kwanaki kwance da raunukansa kafin taimako ya iso, daga ƙarshe aka yanke masa hannu. Ɗan'uwana ya ce, “Yaya, mu da taya kawai muka rasa, mu gode Allah.” Na gode, amma haushin bai tafi ba.

Neman sabuwar taya a Willcox ya cinye mana safiyar washegari, don haka da tsakar rana muka isa mashigin Apache Pass, lokacin da bai kamata kowa ya taka wurin ba. Daga inda ake ajiye mota zuwa kufan barikin soja na Fort Bowie mil ɗaya da rabi ne a ƙafa, inuwa kaɗan. A hanya za ka wuce harsashin zangon Butterfield, da maƙabartar da aka binne ƙaramin ɗan Geronimo, jagoran yaƙi na ƙabilar Apache, sannan marmaron Apache Spring.

Marmaron nan ya fi komai tsaya mini a rai. Ɗan ruwa ne yana tsattsafowa ƙarƙashin itatuwa, amma saboda shi hanya ta ratsa wannan mashigi mai hatsari, kamar yadda ayarin Bilma ke bin rijiya ko da ta karkata hanya. Kusa da shi a Fabrairun 1861 wani matashin hafsa, George Bascom, ya gayyaci wani shugaban Apache, Cochise, cikin tanti ya nemi tsare shi kan satar yaron da ba mutanensa suka ɗauka ba. Cochise ya yage tantin ya tsere, aka kashe waɗanda aka kama daga ɓangarorin biyu, har da ɗan'uwansa da aka rataye, yaƙi ya ɓarke na sama da shekara goma. A 1862 aka sake gwabzawa a kan ruwan, shi ya sa aka gina barikin, sojoji suka zauna har 1894. Wuri ne da ya cancanci a zauna a nutsu. Mu kuwa a gurguje muka wuce, ruwan gorarmu ya kusa ƙarewa, duk saboda taya guda.

In za ka je, nemi mota mai tsayi, ka buɗe but ka ga safaya da idonka, ka sa a nuna maka abin da takarda ta ce game da burji kafin ka sa hannu. Ka fita da asuba, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sama kan cika busassun koramu farat ɗaya, kada ka tsallaka. Kada kuma ka ɗauki ko tsakuwa daga kufan, doka ta hana.