Siminti a Kan Tubali

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullan ofis. Abokan aiki sun yi ta tambayata dalili a ɓoye, ɗaya bayan ɗaya, to gara in rubuta sau guda kowa ya karanta. Waɗanda muka yi aikin tsofaffin gine-gine tare a ƙasar Bauchi sun san soron da nake nufi, sun kuma san mutumin. Ba zan kama suna ba.

Soron dai zauren gidan wata tsohuwar sarauta ne a wani gari cikin masarautar Bauchi. Ginin tubali ne, rufin azara a kan bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da ke ɗauke da rufin. Ba ya cikin jerin gine-ginen da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa, irin Gidan Madaki na Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ke cikin jerin tun 1956. Wato babu wata doka da ta tsaya masa. Abin da ya riƙe shi tun zamanin kakanni shi ne yaɓe. In an gama girbi sai unguwa ta yi gayya, a kwaɓa ƙasa, a cike inda ruwa ya zaizaye, a gyara indararo, mata su sake daɓen ƙasa. Gayyar ce ta yi sanyi, matasa sun watsu neman kuɗi, shi ya sa aka nemi tallafi, mu kuma muka shigo.

Ni aka ba wa aikin fili. Na samu wani dattijon magini a garin, wanda mahaifinsa ma ya taɓa yaɓe soron. Baba nake ce masa, shi kuma 'yata. Muka tsara aikin tare, ko in ce ya tsara ina rubutawa. Ƙasa daga kududdufin da aka saba ɗiba, a kwaɓa ta da ciyawa a bar ta ta ruɓa kafin a taɓa bango da ita. Azarar da ta gaji a musanya ta da ta giginya, don ita gara ba ta cika yi wa illa ba. Sannan makuba, wato shafen da ke kare bango daga ruwa, a waje, musamman bangon gabas, domin daga gabas hadari ke tasowa a ƙasar nan, shi ne bangon da ke shan dukan ruwa. Makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, ɗorawa kuma sai bazara take nuna. Baba ya ce da so samu ne da laso, wani shafe mai hana ruwa shiga, za a yi wa saman rufin, amma laso yana son katsi daga marina, da gashin jima, da dafara, kuma marinar garin ta daɗe da mutuwa.

Duk wannan yana cin lokaci, shi kuwa Oga, mutumin da na ce ba zan kama sunansa ba, lokaci ne ba shi da shi. Masu ba da tallafi sun sa ranar zuwa, kuma yana son su tarar da abu a kammale, mai kyan hoto. Sai ya zo da nasa ɗan kwangilar, ya ce a buga wayar kaji a jikin bango, a shafe da siminti, a bi da fenti mai launin jar ƙasa yadda baƙo ba zai gane ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, siminti ba ya zama da ƙasa. In aka ba mu zuwa bayan bazara za mu gama yadda ya kamata."

Ya ce, "Malama, ke da tsohon naki so kuke baƙi su zo daga Abuja su tarar da taɓo?"

Baba yana tsugune yana sauraro. Da ya ɗago sai ya ce, "Yallaɓai, ginin ƙasa numfashi yake yi. In ka toshe masa hanci ba zai faɗi a gabanka ba, sai ka tafi." Oga ya yi dariya, ya sa hannu a aljihu ya ba shi na goro. Daga ranar Baba bai sake taka wurin ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ga waɗanda ke shigowa wannan fanni, bari in tsaya a nan kaɗan, domin har yanzu akwai masu digiri da ke ganin siminti taimako ne ga ginin ƙasa. Bangon tubali yana jan danshi daga ƙasa, yana kuma shan na sama, amma da rana ta fito sai ya fitar da shi ta jikinsa. Yaɓen ƙasa da makuba suna barin wannan ya faru. Siminti ba ya bari. Ga shi kuma da tauri: zafin rana da sanyin hunturu suna motsa shi dabam da yadda suke motsa ƙasar da ke bayansa, sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ba shi da hanyar fita, sai ya zauna yana jiƙa tubali. Daga waje bango sumul, daga ciki ya zama kwaɓi. Ranar da zai ɓalle kuwa, wayar da aka buga da ƙusoshi ita ce ke yago fuskar bangon ta taho da ita.

Na rubuta duk wannan a takarda na kai ofishinsa, ya sa hannu cewa ya gani. Aka yi siminti, aka yi fenti, baƙi suka zo suka yaba, aka ɗauki hotuna. Damina ta farko ta wuce lafiya, har ana yi mini shaguɓe a taro. A Agustan damina ta biyu, bayan ruwan dare, shafen bangon gabas ya ɓallo gaba ɗaya, ya tafi da kusan rabin kaurin bangon daga ƙasa, ƙafar bakan gizo guda ta zauna. Allah ya tsare, babu kowa a ciki.

Rahoton da aka aika wa masu tallafi ya ce an samu "rashin sa ido daga jami'ar fili". Ni ke nan. Takardata kuma ta yi ɓatan dabo daga fayil. Ina da kwafinta, na kai gaba, aka karanta, aka ce in yi haƙuri, gaba yake da ni, kuma ya kusa ritaya. Na yi haƙurin. Shi an yi masa ƙarin girma.

Amma ba rahoton ne ya fi ci mini rai ba. Bayan bikin buɗewa Oga ya sa an yi wa zauren ƙofar ƙarfe, makulli yana ofishinmu a Bauchi, kuma aka gaya wa mutanen gidan kada wanda ya taɓa bango sai da izini a rubuce. Zauren da a da ake ɗaurin aure da raɗin suna a cikinsa, inda dattawa ke sasanta rikicin gona, inda baƙo ke kwana, ya koma wurin da sai an yi waya a zo a buɗe. Can da, in rufi ya fara yoyo, wanda ya kwana a ciki shi zai fara sani, da safe a hau a toshe. Da aka kulle, tsagar ta yi watanni tana buɗewa ba mai gani, wanda ya gani daga waje kuma ya ce ai na ofis ne yanzu. Kuma mutumin nan, duk taron da za a yi sai ya nuna hoton masallacin Jenne na ƙasar Mali, yadda dukan gari ke fitowa kowace shekara su yaɓe shi, yana cewa haka ake riƙe gado. Ban san ko yana jin abin da bakinsa ke faɗa ba.

Allon bayanin ma haka. Dattawan gidan sun ba ni labari iri biyu. Wasu sun ce kakansu ya biyo Malam Yakubu ne bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya kafa Bauchi a 1809. Wasu suka ce a'a, suna nan tun kafin jihadi, sarautar ce kawai aka tabbatar musu. Na rubuta duka biyun da Hausa, na ce a sa su gefe da gefe, don wannan saɓanin shi kansa tarihin garin ne. Oga ya zaɓi wanda ya fi daɗin faɗa, ya sa aka buga da Turanci zalla. Ɓangaren da aka bar nasu labarin a waje ba su zo bikin ba, kuma su ne gidan da suka fi yawan matasan da za su iya gayya.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Duk takardar da za ki miƙa, ki riƙe kwafi, ko da ba za ta cece ki ba. In kina mace a wannan aiki, ki shiga cikin gida. Tsofaffin matan da suka yi daɓe sun san shekarar da kowane ɗaki ya taɓa rushewa fiye da masu zama a ƙofar gida. Magini ki biya shi kuɗin saninsa, ba na lebura ba. Muryar da kika naɗa, ki mayar wa mai ita da kwafi tun yana raye. Ni dai na mayar, ban jira izini ba.

Ga wanda zai gaje ni: akwai sauran siminti a bangon kudu da na arewa, kuma in ka ƙwanƙwasa za ka ji inda ya rabu da ƙasa. Kada a taɓa shi da damina. A bari sai iskar hunturu ta busar da ginin, a tokare bakan gizon da ya zauna tukuna, sannan a cire a hankali daga sama zuwa ƙasa, taki ɗaya ɗaya, ana cikewa. Awon bangon da hotunan kafin a shafe shi suna hannun mai gidan, ba a ofis ba. Baba yana nan da ransa, jikansa ma ya fara koyon kwaɓi. In za ka je wurinsa, ka je da kanka, kada ka aika direba, kuma kada ka je da motar ofis.