Mun kama tsohon gidan Turawa a bakin dajin New Forest, mu da iyaye da surukai

Duk wanda ke zaune a Ingila da iyali ya san yadda gidajen nan suke, ɗakuna uku ƙanana, falo ɗaya, bayi ɗaya a sama, ko tari ka yi na ƙasa ya ji. To mu bara abubuwa suka haɗe mana lokaci guda. Na haihu Mama ta zo wankan jego, Baba ya biyo bayanta, sai ga bizar Hajiya mahaifiyar maigidan ita ma ta fito, ga Yaya da iyalinsa a Manchester suna son zuwa ganin jaririya, ga ƙannen maigidan da ke karatu a nan. Wallahi tausayin Abban yara na dinga ji, mutum da gidansa amma sai dare ya yi kowa ya kwanta sannan ya shiga kicin ya ci abinci a tsaye, dan ba zai iya zama ya ci a gaban Baba ba, ni ma kuma ban sake da Mama a gaban Hajiya. Matar Yaya ce ta kawo shawarar a haɗa kuɗi gida-gida a kama babban gida na 'yan kwanaki a hutun makarantar yara na ƙarshen Oktoba, lokacin na riga na yi arba'in.

Wanda muka samu a New Forest yake, can kudancin Ingila tsakanin Southampton da Bournemouth. Daga tashar Waterloo ta Landan jirgin ƙasa kamar awa ɗaya da rabi ne zuwa Brockenhurst, amma mu da motoci muka je saboda kaya, kuma ko a jirgin ka zo sai ka nemi mota, bas ba ta bi ta ƙofar irin waɗannan gidajen.

Gidan na jan bulo ne hawa uku, tun zamanin Sarauniya Victoria, silin can sama, kowane ɗaki da wurin hura wuta a jikin bango duk da yawancinsu an toshe. A lungun bayan kicin har yanzu akwai jerin ƙananan ƙararrawa, kowace da sunan ɗaki a ƙarƙashinta, da can in mai gida ya ja igiya daga ɗakinsa sai tasa ta kaɗa 'yan aiki su ɗaga kai su ga inda ake kira. Matattakala ma biyu ce, mai faɗi ta masu gida da wata 'yar siririya ta baya ta 'yan aiki, yara kam nan suka tare, su hau ta nan su sauko ta can har sai an tsawatar.

Amma abin da ya sa nake rubutun nan ba babban gidan ba ne, ƙaramin da ke gefensa ne. In ka tsallake farfajiya akwai wani gini daban, da bargar dawaki ce da wurin ajiye keken doki, aka gyara ta koma gida, ɗakuna biyu a ƙasa, ɗan falo, ɗan kicin, bayi mai shawa, ba hawa bene ko ɗaya. Da farko samarin muka ce su kwana a can dan hayaniyarsu ta yi nisa da manya. Sai na tuna gwiwar Mama, ɗakunan babban gidan kusan duk a sama suke kuma matattakalar doguwa ce. Da na ce a ba su Baba ƙaramin, Yaya ya ƙi, ya ce ina aka taɓa yi, a kai iyaye inda da ake ɗaure dawaki mu kuma mu baje a babban gida, me za a ce da mu in labari ya je gida. Gaskiya maganarsa ba ta wasa ba ce, ni ma ta tsaya min a rai. Ƙarshe dai muka ce a bar Baba ya gani da idonsa. Ya shiga ya zaga, ya buɗe taga ya ga daji ne kai tsaye a gabansa, ya juyo ya ce da Yaya, "Kai Babana, nan ɗin dai, ku shigo mana da kayanmu." Hajiya kuma aka gyara mata wani ɗaki na ƙasa a babban gidan kusa da jikokinta, dama ita ba ta son nesa da su.

Daga ranar zaman ya canza. Da safe Abban yara zai sa jallabiya ya tsallaka, ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaida su Baba, ya ɗan zauna ya taso, shi kenan ya dawo ya ci abincinsa a zaune yana wasa da 'ya'yansa. Mama da Hajiya da a gidanmu sai "sannu Hajiya, sannu Hajiya" kowa na takatsantsan, a nan sai suka koma ziyartar juna, bayan la'asar Hajiya ta yafa mayafi ta ce za ta shiga wajen su Mama, a kai musu shayi su yi ta hira har magariba. Abin da muka rasa a gidajen ƙasar nan kenan, kowane babba ya samu ƙofarsa da za a tsaya a yi masa sallama. Kunya tsakanin surukai ba ƙiyayya ba ce, wuri kawai take buƙata. Dan haka duk mai neman gida saboda irin wannan taron, kafin ya ƙirga gadaje ya fara tambaya ko akwai sashe na daban, a ƙasa yake ko a sama, kuma taku nawa ne tsakaninsa da babban gidan. A tambayi intanet ma, mu bai kai can ba saboda kaurin bango, sabis ɗin waya kuma sai a hankali, shi ya sa muka sa babbar 'yar Yaya ta dinga kwana a ɗaki na biyu da tocila a kusa da ita, kar wani abu ya taso da dare ba mai sanar da mu.

Sanyi kuwa a shirya masa. Irin waɗannan gidajen da gwamnati ta sa a jerin gine-ginen tarihi, mai gidan ma ba shi da ikon cire taga ya sa ta zamani sai da izinin hukuma, dan haka gilashi falle ɗaya ne, iska na shigowa ta gefe, ga ɗakunan manya-manya hita ba ta cika su da wuri. Ƙaramin gidan ya fi ɗumi nesa ba kusa ba. Ni da jaririya ɗakin da ke saman kicin muka koma, dan a kicin ɗin akwai wani ƙaton murhun ƙarfe da suke kira Aga, ba a kashe shi dare da rana, ba shi da abin murɗawa a ƙara wuta ko a rage, faranti biyu ne a sama da murafu masu nauyi, ɗaya mai zafi sosai ɗaya mai sauƙi. Mama ce ta fara gane kansa. Ta tafasa ruwan tuwo a mai zafin, ta yi talge, da ta zo tuƙi sai ta ja tukunyar zuwa ɗayan ta rufe murfin na farko dan in aka bar shi a buɗe zafin murhun gaba ɗaya sauka yake, ta tuƙe ta bar shi ya turara a nan, ko kamu bai yi ba. Miyar kuka ma a tandun ƙasa ta kwana, da safe da ɗuminta.

Wasu ƙananan abubuwa da suka shafe mu mu kaɗai. Turaren wuta, a takardar haya an hana kyandir da duk wani abu mai hayaƙi, kuma kowane lungu da na'urar jin hayaƙi, sai muka haƙura da kasko muka tsaya a humra. Buta kowa ya taho da tasa. Wasu bayukan da kafet a ƙasa, famfon ruwan zafi daban na sanyi daban, sai muka ware na ƙasa mai tayil dan alwala. Gidan ba ya haɗe da magudanar gari, rami ne nasu, an roƙe mu kar a zuba mai ko tsumman goge jarirai. Nama daga gida muka taho da shi a kula, ƙauyukan kusa ba mu ga mai sayar da na halal ba, Juma'a kuma maza Southampton suka tafi.

Sai dajin. Ni da na ji daji na ɗauka itatuwa ne cunkus, ashe da yawansa fili ne fetal mai gajerun ciyayi da ƙaya, sai can ka hango kurmi. Babu katanga, daga get ɗin gidan ka taka kana ciki, a bakin get ɗin an jera ƙarafa a kan rami dan kofato ba ya iya takawa. Washegari da asuba dawaki ne tsaye a wajen suna kiwo, ba linzami ba makiyayi. Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya keɓe wurin dan farautarsa wajajen 1079, a nan kuma kibiya ta kashe ɗansa William na biyu a 1100, akwai alamar da aka kafa ta tunawa da abin mun kai yara sun gani. A 2005 aka mayar da shi gandun ƙasa. Amma dawakin nan wajen 5,000 ba na gwamnati ba ne kuma ba na daji ba ne, kowanne da mai shi. Haƙƙin sakin dabba a dajin a jikin gida ko gona yake, wanda ya zauna a wurin shi ke da shi. Akwai wata tsohuwar kotu a Lyndhurst mai kula da harkar, da ma'aikatanta da ke zagayawa a kan doki, ana biyan kuɗi kan kowace dabba duk shekara, in kaka ta yi a koro dawakin a duba lafiyarsu a yanke gashin wutsiya da wata alama ta cewa an biya.

Baba ya yi aikin dabbobi shekara da shekaru kafin ya yi ritaya, abin nan ya shiga ransa sosai. Ya samu wani dattijo Bature mai shanu a bakin hanya suka daɗe suna magana, da ya dawo ya zauna shiru, can ya ce min, "Uwata, mu ma fa muna da burtali da makiyaya, an shata su an rubuta, gona da gini suka cinye muna kallo. Waɗannan ba dabara suka fi mu ba, riƙewa suka yi." Na daɗe ban ga abu ya taɓa shi haka ba.

Lokacin da muka je kuma lokacin sakin aladu ne, gara in faɗa dan kar wani ya je ya firgita kamar yadda Hajiya ta yi salati ta koma ciki da ta gansu a bakin hanya. In kaka ta yi 'ya'yan itacen oak na zubowa, ɗanyensu guba ne ga dawaki da shanu amma ba ya yi wa alade komai, sai a sake su kamar wata biyu su tsince. Ba sa shigowa gida, mu dai muka hana yara matsawa kusa, takalma kuma a bakin ƙofa ake cirewa a wanke.

Dokokin wurin a ɗauke su da gaske. Tun 2023 ba da abinci ga dawaki ko jakuna, kai ko shafa su, laifi ne mai tarar fam 100 kuma tana iya kai 1,000 in aka je kotu, haka hura wuta ko gashi a cikin dajin. Samarinmu sun zo da niyyar tsire a fili, sai a tandun kicin aka yi. Dalilin hanin a bayyane yake, dokin da ya saba karɓa a hannun mutane titi yake dawowa ya tsaya jira, mota ta buge shi, ko ya ciji yaro. Gudu a hanyoyin da ba shinge mil 40 a awa ne iyaka, da dare ma ko hakan ya yi yawa, babu fitilun titi, baƙar saniya na kwance a kan kwalta sai ka zo dab za ka gani, ga shi a makon aka mayar da agogo baya duhu na yi tun wajen biyar. Akwai kaska a cikin ciyawa kuma tana sa ciwo, duk yaron da ya dawo daga yawo sai an duba bayan gwiwa da wuya da bayan kunne, mun cire wa ɗan Yaya ɗaya a ƙafa.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, har da wanda ake ajiyewa saboda ɓarna, amma da aka raba bai kai abin da otal zai ci ba, kuma a otal ba mai barinki ki tuƙa tuwo. Ranar tafiya ƙarfe goma ake so a fita, dan haka tun dare muka ware shara kashi-kashi yadda suka rubuta, man suya muka ɗura a jarka muka taho da shi, na ajiyar kuma ya dawo mana cif bayan mako. Yanzu gardamar da ake a gidan ita ce ta lokaci, matar Yaya na son a koma da bazara saboda sanyi da aladun, Baba kuma ya ce in dai da shi za a je to a sa lokacin da ake koro dawakin, yana son ya ga yadda suke yi.