Ranar da ƙwayoyina suka mutu

Yau da asuba a ɗakin gwaje-gwajenmu na buɗe injin ɗumama ƙwayoyin halitta, wato ƙananan sassa masu rai da suke haɗuwa su yi jiki, na ga ruwan da nake renon su a ciki ya koma rawaya, ya yi dishi-dishi. Ƙwayoyin cuta sun shiga. Sati uku ina canza musu ruwa, zafin injin a digiri 37 kamar jikin mutum, iskar carbon dioxide kashi 5 cikin ɗari, duk ya tafi. Na zauna na yi hawaye, wallahi.

Malamata ta zo ta duba a madubin ƙara girma, ta ce in zuba bilic in zubar, in ɗauko wasu daga cikin tulun nitrogen mai sanyi, inda muke ajiye su a daskare. Karatun digirin digirgir a sashen likitancin ƙwayoyin halitta haka yake, hannunka da haƙurinka ake gwadawa kullum. Gobe zan narkar da sabbi, in Allah ya yarda.